Buhun da Jima Bai Ɗinke Ba

A tashar albasa ta Madawa, in ka tambayi inda Jima yake, ba za a nuna maka shago ko tebur ba, don ba shi da ko ɗaya. Za a ce ka duba inda manoma suka yi tsit suna kallon mutum guda. To shi ne: dogo, siriri, ɗan Urno, hannun rigarsa na dama kullum a naɗe har kafaɗa, da 'yar wuƙa da basilla a aljihu. Sana'arsa duba buhu. Fataken da ke kai albasa Abijan da Kumasi da Kwatano ba sa yarda a ɗora buhu a kamyo, babbar motar kaya, sai Jima ya sa hannu a ciki.

Shi ba ruwansa da saman buhu. Saman buhun kowa kyakkyawa ne, manya-manya jajaye an jera su kamar za su gidan suna. Jima gefe yake zagawa, ya farke ɗinki kamar taƙi guda, ya zura hannu har gwiwa, ya zaro ta tsakiya. Ya matsa wuyanta, ya kai hanci. In buhu ya yi, sai ya zaro basilla ya ɗinke inda ya farke da hannunsa. In bai yi ba, ba zai ce uffan ba, don ubangidan da ya koya masa aikin ya hana shi kunyata mutum gaban jama'a. Sai ya mayar da albasar, ya goge hannu a riga, ya wuce na gaba, ya bar buhun a farke. Mai kaya ya san sauran, fatake ma sun sani.

Matsalar ita ce Jima bai iya barin wannan hali a tasha ba, da shi yake komawa gida. Matarsa Saude ta ce tun da aka kawo ta bai taɓa kai lomar farko baki ba sai ya sunsuna. In ta yi masa sannu da zuwa da murya mai daɗi, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi abin da ya fashe. In ɗan kabu-kabu ya yi masa sauƙi, sai ya sauka ya duba tayoyi. Ba mugu ba ne, ba shi da rowa, amma zama da shi akwai gajiya, kuma shi ma ya sani. Shi ya sa abokansa ba su da yawa. In za a faɗi gaskiya, guda ɗaya ne.

Lurwanu ke nan, ɗan Allakaye, mai gyaran injin ban-ruwa a bayan tasha. Sun haɗu a Abijan suna samari, zamanin da duk ɗan Adar mai ƙafa ke tafiya cin rani. Jima ya kwanta zazzaɓi, ya ƙi shan maganin da aka kawo masa don bai san inda aka sayo ba. Lurwanu ya danne shi ya ɗura masa, yana zaginsa. Tun daga ranar zagin bai tsaya ba. Lurwanu na kiransa Hanci, shi kuwa yana kiran Lurwanu Baƙin Mai. Kullum bayan la'asar sai su zauna a inuwar rumfar gyara su buga belot, kartar mutum huɗu, su biyu a gefe ɗaya, sauran biyun duk wanda Allah ya kawo. Ba kuɗi a ciki, sai shayi da gori. Lurwanu ne kaɗai zai miƙa wa Jima abu ya karɓa bai juya shi ba. In ka cire wannan inuwar daga rayuwar Jima, abin da zai saura Saude ce da buhunan mutane.

Da manyan salula, wato wayoyin hannu, suka shigo, wani farke mai suna Alƙasim ya sa Jima a gurup ɗin 'yan albasa. Jima bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, don haka ba ya rubutu, sai dai ya danna ya yi magana, abin da ake kira bokal. Da farko yanayin kaya kawai yake faɗa. Wata rana ya sayi fitila mai sola ta mutu da wuri, ya ɓalle ta da wuƙarsa, ya tarar rabin cikinta yashi ne a leda don ta yi nauyi. Ya yi bokal a fusace. Kafin a ankara an ji muryarsa a Buza da Keita, har 'yan gida da ke Tamanraset suna turo wa iyayensu. Daga nan aka mayar da shi mai duba komai: injin feshi, irin albasa na gwangwani, takalmin roba, maganin ƙwari. A kawo, ya riƙe, ya gwada, ya faɗi. Ko goro ba ya karɓa. Wani mai butik, wato kanti, ya taɓa aiko masa da shadda, ya mayar, sannan ya sake duba kayan mutumin tun daga farko.

Ran nan ana tsakiyar bazara, albasa ta cika tasha, Lurwanu ya kife kartarsa a tabarma ya ce, "Kai Hanci, ɗiyakka ta yi wani abu. So nika ka duba shi, ka hwaɗi ma mutane."

Mansura yake nufi, 'yarsa ta fari, wadda Jima da kansa ya raba goron sunanta. Ta yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai, tana aiki can.

Jima ya ce, "Wane irin abu na?"

"Wasa na, cikin salula. Ita da abokan aikinta guda biyu sunka yi shi. Sun daɗe bisa nai, ko hutu ba su yi."

"Wasa? Duk karatun nan wasa yaz zama?"

"Kai dai duba. Na ma riga na hwaɗi ga gurup kana dubawa."

Jima ya ɗago ya dube shi. Bai ji daɗin wannan ba, don shi ba ya shelar buhu kafin ya sa hannu. Amma ya ga fuskar Lurwanu, baƙin mai har goshi, bakin ya ƙi rufuwa don alfahari, sai ya haɗiye maganar.

Mansura ta zo gida bikin wata ƙanwarta a makon, ta durƙusa ta gaishe shi, ta karɓi salularsa ta saka masa wasan. Sunansa Gandari, wato jeren duwatsun nan da ake yi a gona don tare ruwa. Da aka buɗe, sai ga gona a kan gangare, an raba ta gida-gida kamar ta dara. A ƙasa kartoci ne, amma ba sarki ba kuri. Wannan hauya, wannan jaki da amalanke, wannan dutse, wannan taki, wannan ramin tassa, wanda ake haƙa wa shuka don ya riƙe ruwa. Kowane zagaye a ba ka 'yan kartoci a hannu, ƙarfinka kuma kaɗan ne, sai ka zaɓi wadda za ka buga da gidan da za ka ajiye ta. Daga sama abokan gaba ke gangarowa: ruwa mai yanka gona, fara, jan-baki tsuntsu mai cin hatsi, wani lokaci garken da ya kuɓuce. In ka tsira da hatsinka, a nuna maka sabbin kartoci ka ɗauki ɗaya ka ƙara a tarinka. In gona ta tafi, ka koma farko da hauyarka da jakinka.

Jima ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Ke mi za ki samu ciki?"

"Nan gida kyauta na, Baba. Na waje su ka saye."

"Kyauta," in ji Jima, yana juya kalmar a baki kamar ruɓaɓɓen goro.

Da ta koma Yamai ya fara aikinsa. Ya cire sim ya ga ko wasan zai tashi ba rezo, wato ba sabis ɗin waya, ya tashi. Ya mayar, ya duba kiredi, wato kuɗin da ke cikin salular, safe da yamma, ba abin da ya taɓu. Ya manna ƙullun tuwo a idon kamara ya buga yini guda a haka, ko wasan zai yi ƙorafi, bai yi ba. Ya nemi inda ake sa kuɗi ko a ci kuɗi, babu. Abu ɗaya ya tsaya masa a wuya. A belot ba wanda ke raba karta sai na kusa da shi ya yanka, haka aka gada. A nan wa ke gauraya? Wa ke yankawa? Mai rabon yana ciki, ba ka ganin hannunsa, ba ka ganin idonsa.

Sai dai kafin ya gama zargin, wasan ya riga ya kama shi. Ya gane da wuri cewa ba kowace karta aka miƙo maka ake karɓa ba. In ka tara da yawa, wadda kake bukata sai ta nutse a cikin tarkace, ta ƙi fitowa ranar ruwa. Wannan ya yi wa Jima daɗi ƙwarai, don a duniya ba abin da ya iya kamar ƙin karɓa. Ya riƙa tafiya da ɗan tari siriri, dutse da jaki da tassa, yana jera gandarinsa a karkace don ruwa ya gaji kafin ya iso gero. Tsakanin kamyo da kamyo sai ka gan shi a kan buhu ya sunkuya, yana yi wa fara tsaki. Saude ta ce yau ga abin da ya shiga gidan nan ba a sunsuna shi ba. Ya ce mata aiki yake yi.

A ƙarshen kowace damina ta wasan akwai Babbar Ƙorama, ruwa ja mai cin gida uku a tashi ɗaya. Ta share masa gona, ya koma farko. Ya sake isowa, ta sake sharewa. Ya fara cewa mai rabon ciki ɓarawo ne. Sai a wani zuwan, hannun farko, ga kartar gayya, wadda ke kawo mutanen gari su jera dutse layi guda cur a bugu ɗaya. Ya tare ƙoramar, gero ya tsaya, aka yi masa kiɗi a salula. Ranar a rumfa ba wanda ya sha iska. Ya ce wa Lurwanu a gaya wa Mansura ta nemo ƙorama mai ƙarfi, wannan ta yara ce. Lurwanu ya yi ta dariya har da hawaye, ya sayi tsire ya raba.

Da safe daɗin ya gushe. Jima ya tashi da irin abin da yake ji in buhu ya cika kyau. Gayya karta ce mai wuyar samu, ta yaya ta zo daidai lokacin da ransa ya ɓaci har ya kusa jefar da salula? Wani zai ce sa'a ce ya wuce. Jima bai taɓa yarda da sa'ar da ta san lokacin zuwa ba.

Sai ya zura hannu tsakiya. Ya kai gaban Babbar Ƙorama ya yi wauta da gangan: ya ajiye jaki a bakin ruwa, ya zuba taki a kan dutse. Ta cinye shi. Ya sake, ta sake. A zuwa na gaba, hannun farko, ga gayya tana kallonsa. Ya ci, ya sake faɗuwa da gangan, ya sake gwadawa, kwana da kwanaki, har a kan fara da jan-baki. Ko yaushe haka ne. In ka faɗi biyu ko uku a wuri ɗaya, sai wani hannu ya turo maka abin da zai fisshe ka. Jima ya ajiye salula a cinya, kunya ta rufe shi. Duk rayuwarsa yana tsaron kada a cuce shi, bai taɓa tunanin tsaron kada a ji tausayinsa ba. Ga shi kuma ya yi ta cika baki a rumfa kan cin da aka ba shi sadaka.

Bayan azahar ya kira Mansura. Ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya ce, "Akwai hannu cikin wasanki."

Ta fashe da dariya. "Baba, kai kaɗai kag gane! Wallahi ko masu gwada muna nan Yamai ba su gane ba."

"Ashe da sani anka yi."

"Tausai na, Baba. Mutum in ya hwaɗi ya hwaɗi, sai shi goge wasan shi ce ba shi iyawa. Shi as sa munka sa a ɗan taimaka mai. Masu yin wasanni da yawa haka suka yi, ba cuta ta ba."

"To ki rubuta bisa, kowa shi gani."

"In an sani ai daɗin ya tahi. Wa ka murna da cin da anka ba shi?"

"To ki hidda shi."

"Ba ni ɗaya ta ba, Baba, mu ukku na. Kuma mun riga mun gina sauran bisa nai. Don Allah kak ka hwaɗi, ka bar mutane su ji daɗinsu."

Ta faɗi haka da sakin rai, kamar 'ya na roƙon ubanta ya rufa mata asirin ƙona miya. Ba ta san abin da ta ɗora masa ba.

Jima ya zauna da abin. In ya ce wasa lafiya lau, ya ɗinke buhun da ya san akwai hannu a ciki, abin da bai taɓa yi ba ko don ɗan'uwa. In ya ce akwai hannu, ya san mutanensa: karta ce, ga kuma hannu a ɓoye, ba wanda zai tsaya jin cewa hannun taimako ne. Ya danna bokal ya fara, ya goge. Ya sake, ya goge. Ya yi tunanin ya gaya wa Lurwanu, amma ta ina zai fara gaya wa uba cewa aikin 'yarsa yana da ɓoyayyen ciki, bayan tsiren da aka ci? Daga ƙarshe ya yanke abin da yake gani shi ne mutunci. Zai yi shiru. Ba zai yi ƙarya ba, ba zai ɓata yarinya ba, maganar za ta mutu da kanta.

Mutum mai wayon Jima, a ce ya manta abin da shirunsa yake nufi! Amma ya manta, don shi a ganinsa shiru na tasha daban, na zumunci daban. Mutane kuwa Jima ɗaya suka sani.

Alƙasim ya tambaya a gurup daga Abijan: ina labarin wasan ɗiyar Lurwanu? Jima ya yi bokal kan farashin albasar da za a zuba a rudu, rumbun ajiyar albasa, bai taɓo wasa ba. Wani ya sake tambaya, Jima ya yi maganar maganin ƙwari. Sai wani direban kamyo mai suna Ango, wanda bakinsa ya fi motarsa gudu, ya saki 'yar gajeriyar magana: "Ku bar tambaya, jama'a. Jima bai ɗumke ba."

Shi ke nan. Tunda Jima bai faɗi abin da ya gani ba, kowa ya cika da nasa. A Buza aka ce caca ce, da farko kyauta, in ka saba sai ta fara jan kuɗin salula. A Keita aka ce tana kwashe lambobin mutane. A Bangi ranar kasuwa wani ya rantse cewa ɗan maƙwabcinsa ya daina salla saboda ita. Samarin da suka saka wasan suna jin daɗinsa suka bi suka goge, wasu iyayensu suka goge musu. Jima kuwa yana ƙauyuka yana duba kayan rudu, ya dawo a gajiye, ba ya sauraron rabin abin da ke gurup. A rumfa Lurwanu bai tambaye shi komai ba, shi kuma ya ɗauka sauƙi ne Allah ya kawo. Ya dai lura zagin ya ragu, shayin ma ba ya kai na uku. Mutumin da ke jin warin albasa ɗaya a cikin buhu, bai ji wannan ba.

Saude ce ta kawo masa labarin, ta dawo daga gidan suna ko mayafi ba ta cire ba. Ta ce mata na cewa wasan Mansura yana ɗaukar hoton matan aure a ɗaka ya aika waje. Ta ce kuma Lurwanu ya je Allakaye ta'aziyya, wani baffansa ya tare shi gaban mutane ya ce ya tura 'ya Yamai ta koyo yadda za ta lalata 'ya'yan Musulmi, ga shi ko amininsa ya kasa ɗinke mata. Lurwanu ya tashi ya hau moto, wato babur ɗinsa.

Saude ta ce, "Kai kuwa mi kag gani cikin abin ga?"

Ya gaya mata.

Ta ce, "Wanga kaɗai? Don wanga kab bari anka yi ma yarinya haka?"

Jima bai ci abinci ba. Ya fita bayan gida ya tsaya a gindin bishiyar bedi, ya danna, ya yi bokal mafi tsawo a rayuwarsa.

"Salamu alaikum jama'a, Jima na. Zance na bisa wasan Gandari. Na riƙe shi, na gwada shi ciki da baya. Ba caca ta ba, ba a sa ko dala, ba a cin ko dala. Ba shi taɓa kiredi, ba shi ɗaukar hoton kowa, ko babu rezo shina yi. Wanda duk yac ce shina haka, ƙarya shika yi, shi zo shi same ni tasha. Wasa na na hankali, awa dara, sai dai gona ta kaka tsaro. In kuna yi, kak ku kwashi karta barkatai, ku ɗauki kaɗan masu aiki, ku jera dutse karkace. Zanen jakin bai yi kyau ba, ya yi kama da tunkiya, kuma rubutun ƙanana na ga mai shekaru. Abu guda nig gani wanda ban so ba, shi as sa niy yi kurum: in ka hwaɗi da yawa, wasan na turo maka karta mai kyau don tausai. Ni ban son a ji tausaina, shi ke nan laihin. Amma ni da kaina ina yin shi kullum har batir shi mutu. Yarinyag ga ta yi aiki, ku mayar da abinku."

Ya tura, ya tsaya yana jira. Amsa ta farko ta Ango ce, da dariya a ciki: "Allah sarki abota! Sai yanzu basilla ta hito." Wani ya ce ai ga shi da bakinsa ya ce akwai hannu. Wani ya ce da lafiya ne da tun farko ya faɗa, Jima ba ya kwana da magana. 'Yan kaɗan suka mayar da wasan, yawanci ba su mayar ba. Jima ya saurare su ɗaya bayan ɗaya, ya gane su duka, don da shi ne a wurinsu abin da zai ce ke nan. Shi ya koya musu.

Wannan bai dame shi ba kamar yadda ya zata. Fatake ba su fasa kiransa ba, buhu buhu ne. Abin da ya hana shi sukuni, Lurwanu yana cikin gurup, an nuna ya saurara, bai ce komai ba.

Washegari bayan la'asar ya tafi rumfa. Ba tabarma a inuwar, an jera injuna a wurin. Maƙwabcin rumfa ya ce Lurwanu ya tashi da wuri, yana gida. Jima ya bi shi can, ya yi sallama a zaure yana shirin ya kutsa kai kamar kullum, sai ga Lurwanu ya fito da wanka da farar riga, ya tare ƙofar ciki da fara'a.

Jima ya daure ya ce, "Kai Baƙin Mai, yau kuma wa yam mutu kaw wanke?"

Lurwanu ya ce, "Marhaba, Malam Jima. Bismilla, ku zauna."

Ya shiga ya fito da sabuwar darduma, ya shimfiɗa a zaure. Ya kawo ruwa a kofin gilashi a kan faranti. Ya zauna nesa kaɗan, ya fara gaisuwa: ina gajiya, ina iyali, ina zafi, ina aikin tasha, ina Saude, ina labarin mutanen Urno. Kowace ya jira amsa, ya ce madalla. Jima yana amsawa, ga ruwa a gabansa ya kasa sha.

Da gaisuwa ta ƙare ya ce, "Ka ji bokal ɗin?"

"Na ji. Allah shi saka da alheri. Mansura ma ta ji, ta ce a yi muku godiya. Ta ce za su gyara jakin."

"Lurwanu, don kak in ɓata ta niy yi kurum. Wallahi don ita na, don kai na."

"Na sani."

"To mi niy yi?"

Lurwanu ya dubi tafin hannunsa, wanda sabulu bai iya fitar da baƙin layukansa ba. Ya ce, "Ba ku yi komi ba. Kun duba, awa yadda kuka duba na kowa. Ni niy yi kuskure, na aza in kun ga wani abu, ni za ku hwara hwaɗa ma, ko da zagi na."

Jima ya ture kofin gefe. Ya so a ce mutumin nan ya tashi ya shaƙe shi, ya ambaci uwarsa da ubansa, ya kore shi da takalmi. Da ya san yadda zai yi da wannan. Amma Lurwanu sai ya tambaye shi ko albasar bana za ta yi ajiya, ya amsa, suka yi maganar albasa kamar mutanen da suka haɗu a mota.

Da aka kusa magariba Jima ya miƙe. Lurwanu ma ya miƙe, ya sa takalmi. Jima ya ce ya zauna, ina za shi? Ya ce a'a, ai sai ya taka masa. Shekara da shekaru Jima ke fita daga gidan nan, iyakarta a jefo masa zagi daga ciki a ce ya ja ƙofa. Yau Lurwanu ya rako shi, yana tafe rabin taki a bayansa, suka wuce masallaci, suka wuce mai tsire, har bakin titi. Nan ya tsaya, ya ba shi hannu biyu, ya ɗan rusuna.

"Mun gode da ziyara, Malam Jima. A gaida gida."

Ya juya ya koma. Jima ya tsaya a bakin titin yana kallon farar rigar har ta shiga lungu, yana jiran ko za ta waiwayo. 'Yan kabu-kabu biyu suka tsaya suka tambaye shi ina za shi, idonsa na kan lungun, suka gaji suka wuce.